Maganar Beli da Shagunan Masu Tsayawa Don Kuɗi a Unguwanninmu

Jawabin da sakataren ƙungiya ya karanta a taron magidanta. An buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, masu unguwanni, iyayenmu mata da ke zaune daga can gefe, da ku matasa, muna yi wa kowa sannu da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Dutsen Alhaji da Kubwa da Ushafa da Mpape. Allah ya saka da alheri.

A taron da ya wuce magidantan layi biyu sun kawo kuka a kan wasu shaguna da ke bakin gidajensu. Shagunan da buga takardu da ɗaukar hoton fasfo suka fara, amma yanzu sun zama mazaunin dillalan beli, wato masu samo wa wanda aka kama mutumin da zai tsaya masa a biya su. Magidantan sun ce tun safe har bayan isha babura ba su yankewa, ana ta cacar baki a kan kuɗi, mata na kuka a ƙofar gidan mutane, yara masu zuwa Islamiyya suna jin abin da bai kamata su ji ba. Wasu suka ba da shawara a rubuta wa hukuma ta zo ta tashe su, tunda wurin na zaman iyali ne. Aka ɗora wa kwamiti ya bincika. Mun bincika, mun zauna da lauya, mun sa an karanta mana dokokin an fassara, kuma ga abin da muka samo. Muna roƙo a yi haƙuri a ji shi har ƙarshe, domin ba duka ne zai yi wa masu kukan daɗi ba.

Bari mu fara da shi belin kansa, don da yawanmu mun ɗauka beli kuɗi ne da ake biya a sayi mutum daga hannun hukuma. Beli alkawari ne. Ana sakin wanda ake zargi ya koma gida bisa sharaɗin zai dawo ranar da aka ce, wani kuma ya sa hannu cewa idan bai dawo ba shi za a tambaya. Tushensa yana cikin kundin tsarin mulki na 1999: sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 kuma ya ce idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40 daga inda aka tsare mutum, to cikin kwana ɗaya za a kai shi gabanta. A ƙasar Bwari wannan magana ba ta da wani kwana-kwana, domin akwai kotuna a cikin garin Bwari, akwai a Dutsen Alhaji, akwai a Kubwa.

Sai kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ita ce ke aiki a kotunan Babban Birnin Tarayya. Sashenta na 7 ya hana a kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ba a kama mata don ba a ga mijinta ba. Sashe na 8 ya hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake maimaita waɗannan biyun. Sashe na 34 ya ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare, kuma yana da ikon ba da beli a nan take idan laifin na hurumin kotunsa ne. Belin ofishin 'yan sanda kuwa kyauta ne, ita rundunar da kanta take rubuta haka tana mannawa a bango. Mun san abin da ke rubuce a bango daban, abin da ake ji a kan kanta a wasu wuraren daban, amma wanda ya san kyauta ne ba ya yin magana irin ta wanda bai sani ba.

A kotu ma, idan alƙali ya ce ya ba da beli a kan naira 500,000 da mutum ɗaya mai tsayawa, yawanci ba cewa ya yi a kawo kuɗin a tebur ba. Adadin da za a bi mai tsayawar ne idan wanda aka saka ya gudu. Kotu tana da ikon ta ce a ajiye kuɗi, amma sai ta faɗi haka ƙarara, kuma kuɗin ajiya ne, ana mayarwa idan an gama shari'a. A nan ne dillali yake fara cin kasuwarsa. Sai ya samu tsohuwa a bakin kotu hankalinta a tashe, ya ce mata: Hajiya, kin ji dai dubu ɗari biyar aka ce, amma kawo dubu ɗari ni zan san yadda zan yi. Ta tafi ta sayar da akuya ko keken ɗinki, tana ta yi masa godiya.

To, me ya sa mu ne muka fi faɗawa hannun waɗannan mutane? Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar mana lokaci, kuma amsarta tana komawa ga maganar fili. Sau da yawa sharaɗin beli yakan ce mai tsayawa ya zama yana da gida ko fili a yankin kotun tare da takardar mallaka, ko ya zama ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza. Ku dubi wannan taro. Akwai masu shago a kasuwa, akwai mahauta, direbobi, masu sayar da hatsi da itace, teloli, masu gadi. Akwai wanda ya shekara talatin a Bwari, ya aurar da 'ya'ya a nan, ya binne iyaye a nan. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke da takardar C of O? Tun daga dokar da gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa Abuja da ita a watan Fabrairu na 1976, duk ƙasar birnin tarayya ta koma hannun gwamnatin tarayya, kuma sashe na 297 na tsarin mulki ya tabbatar da haka. Ministan Abuja ne kaɗai ke ba da fili. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Ona da Atanda, ta ce babu mallakar fili ta gargajiya a cikin birnin tarayya. Ke nan takardar cinikin da muka yi a gaban dagaci da shaidu tana nuna mun biya kuɗi, amma idan aka ce a kawo takardar mallaka, ba ita ake nufi ba. Waɗanda suka samu takardar ƙaramar hukuma kuma, tun 2006 aka ce su miƙa wa AGIS a tantance. Hukumar birnin da bakinta ta faɗa a 2025 cewa an miƙa fiye da takardu 250,000, waɗanda aka duba kuwa ba su kai 10,000 ba.

Shi ya sa dattijon da duk unguwa ke tashi tsaye idan ya shigo, a gaban magatakardan kotu ba ya cika sharaɗi, amma wani da ba wanda ya san inda yake kwana sai ya zo da takarda a cikin leda ya cika. Daga ina takardar ta fito? Wata ta gaskiya ce amma an tsaya wa mutum goma da ita, wata kuwa a shago aka buga ta. Ranar da kotu ta aika a duba adireshi aka tarar babu, ana iya soke belin, yaronmu ya koma Kuje ko Suleja, kuɗinmu ya tafi, ga kuma sabuwar tuhuma ta takardar jabu tana yawo a kan duk wanda hannunsa ya taɓa ta. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Amma a sani, sharaɗi mai tsanani ba ƙaddara ba ce da ba ta sauyuwa. Sashe na 165 na dokar 2015 ya ce kada sharuɗɗan beli su wuce kima, kuma lauya yana iya neman kotun ta sassauta, ko ya je babbar kotu ta sake dubawa. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara da ke Abuja, a shari'ar Kanar Sambo Dasuki, ta cire sharaɗin sai babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, ta nuna cewa ba daidai ba ne a riƙa jawo ma'aikata cikin tsayawa waɗanda ake tuhuma. Abin da aka yi wa babba, doka ba ta ce kada a yi wa mai tura baro ba. Sai dai shi mai tura baro ba ya da wanda zai tashi ya nema masa. Akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aikinta ke nan, ta ba marar hali lauya kyauta, kuma kuɗin da muke zuba wa dillali da an kai rabinsa ga lauya na gaskiya ya nemi sassauci, da ya fi amfani.

Yanzu mu zo kan sana'ar kanta. Wasu a cikinmu sun ɗauka tsayawa don kuɗi haramtacciyar sana'a ce a dokar ƙasa gaba ɗaya. Ba haka doka ta ce ba. Jihar Legas ta riga ta sa ta a dokarta, dokar tarayya ta 2015 kuma ta kawo ta a sashe na 187. Sashen ya ce Babban Joji yana iya kafa ƙa'idojin yi wa kamfani ko mutum rajista da ba shi lasisin wannan aiki. Wanda za a ba lasisin sai ya zama mutumin kirki da ba a shakkar halinsa, kuma sai ya ajiye lamunin banki a wurin Babban Joji, don idan wanda ya tsaya wa ya gudu a san inda za a ɗebi kuɗin. Wanda kuwa ya shiga sana'ar ba rajista ba lasisi ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 500,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ku riƙe wannan sashe da kyau, za mu dawo kansa.

Ta fuskar addini kuwa, malamanmu suna nan zaune, su ne za su faɗaɗa. Abin da muka ji a wurinsu shi ne a fiƙihun Malikiyya lamuni iri-iri ne, akwai lamunin dukiya, akwai lamunin fuska, wato ka ɗauki nauyin kawo mutum ranar da ake nemansa, wanda shi ne ya yi kama da beli. Kuma sun ce lamuni aikin alheri ne, ba a karɓar lada a kansa.

Ƙasar da wannan sana'a ta fi ƙarfi ita ce Amurka. A can idan alƙali ya yanka beli, iyalin da ba su da kuɗin sukan je wurin kamfani su ba shi kamar kashi 10 cikin 100, kamfanin ya tsaya, kuma wannan kashi goma ba ya dawowa ko da daga baya an wanke mutum. Ƙasar Filifin ma tana da irin wannan, amma yawancin duniya ba su yarda da shi ba. A Ingila dokar beli ta 1976 ta mai da shi laifi a yi yarjejeniyar mayar wa mai tsayawa asararsa, don suna ganin wanda aka biya ba zai damu ko wanda ya tsaya wa ya zo kotu ko bai zo ba. A cikin Amurkar ma jihohin Ilinoi da Kentaki da Oregon da Wiskonsin sun hana kamfanonin, kuma a watan Satumba na 2023 Ilinoi ta soke belin kuɗi baki ɗaya. A inda aka bar su, kamfanonin sukan taru ne kusa da gidan yari da kotu, su buɗe dare da rana, kuma irin kukan da magidantanmu suka kawo an yi shi a can. A birnin San Jose na jihar Kalifoniya, mazauna unguwannin da ke kusa da gidan yari sun kai kuka, majalisar birnin ta dakatar da ba da izinin sababbin shaguna a 2009, daga baya ta kafa ƙa'idar tazara tsakaninsu da gidajen zama.

Wani zai ce to ai ga hanya, mu ma a yi mana haka. A nan ne muke so a natsu. Mutanen San Jose da suka kai kuka kowa yana da takardar gidansa a akwati, kuma unguwarsu tana cikin taswirar birni a matsayin wurin zama. Da jami'i ya zo da tef ɗin awo, shagon kaɗai zai auna. Mu fa? A Abuja, wanda ke da ikon cewa nan wurin zama ne, can wurin kasuwanci ne, shi ne Sashen Kula da Gine-gine da ke ƙarƙashin hukumar AMMC, masu jan fenti da katafila. Dokar birnin tarayya ta ce ba a gini sai da rubutaccen izini. Kuma gaskiya ne suna hukunta masu mayar da gidan zama wurin kasuwanci: a 2025 an ɗora tarar naira miliyan 5 a kan masu irin waɗannan gidaje a Maitama da Asokoro da Wuse II da Garki. Amma waɗancan gidaje ne masu takarda, shi ya sa aka tsaya a tara. Idan muka rubuta da hannunmu muka ce a zo a duba wane gini ne ya saɓa wa tsari a layinmu, jami'in da ya zo ba zai rufe ido ɗaya ya kalli shago ya bar gidan da ke jikinsa ba. Zai tambayi izinin ginin shagon, ya juyo ya tambayi naka. Jifa ne a cikin kasuwa, ba ka san kan wa zai faɗa ba, kuma kasuwar tamu ce.

Ba tsoratarwa muke yi ba. A cikin wannan ɗaki akwai waɗanda rusau ne ya kawo su Bwari. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan Abuja, an rushe Idu Karmo da Chika da wasu sassan Kubwa, kuma rahoton da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta mutum 800,000 ne suka rasa matsuguni. Kowa ya san yadda aka riƙa rabawa: 'yan asalin wuri ana maganar sake musu matsuguni, wanda aka kira baƙo kuwa sai ya kwashi kwanon rufinsa idan ya samu sarari. Mutanen Mpape, da ke cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, an yi musu shelar rusau a 2012. Suka je kotu, suka yi shekaru suna bi, sai a watan Fabrairu na 2017 babbar kotun birnin tarayya ta ce tashin nasu a yadda aka shirya shi ya saɓa wa doka. Wannan ya nuna kotu tana sauraron talaka, kuma sashe na 41 da na 43 na tsarin mulki sun ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama da mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar. Amma shekara kusan biyar suka yi ba barci mai daɗi. Ba mu ga hikimar mu kira wa kanmu irin wannan saboda shago uku ba.

Akwai kuma wani abu. Ko da an tashe su daga layin, ina za su? Sana'ar tana bin kotu da ofishin 'yan sanda ne kamar yadda ƙuda ke bin mahauta. Za su koma ƙarƙashin bishiya, ko cikin mota, ko a waya. Layin zai yi shiru, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, amma tsohuwar nan za ta ci gaba da sayar da akuyarta, sai dai yanzu ba ta ma san ƙofar da za ta koma ta nemi haƙƙinta ba.

Saboda haka shawarar kwamiti ita ce kada a rubuta wa masu kula da gine-gine. A kama maganar ta inda ba ta taɓa gidajenmu, wato ta sashe na 187 da muka ce a riƙe. Dattawa uku tare da mai unguwa za su je wurin masu shagunan cikin mutunci su tambaye su lasisin da Babban Joji ya ba su. In suna da shi, sai a zauna a yi maganar lokacin rufewa da hayaniya da inda babura za su tsaya, kamar yadda ake yi da mai injin niƙa ko mai gidan kallon ƙwallo. In ba su da shi, sai a gaya musu abin da doka ta tanada, a ba su lokaci su koma buga takardunsu da hoton fasfo, wanda ba wanda ya hana su. In sun ƙi, takardarmu ofishin babban magatakardan babbar kotu za ta je, da kwafi ga reshen ƙungiyar lauyoyi na Bwari, a kan abin da ake yi a shagon, ba tare da an ambaci ginin ba. Maganar lasisin shago da hayaniya kuwa ta ƙaramar hukuma ce, domin jadawali na 4 na tsarin mulki ya sa kula da shaguna da kes-kes cikin ayyukanta, kuma kansilanmu ya san hanyar.

Wata maganar sai mun faɗa ko da za ta yi ɗaci. Shagunan nan ba daga sama suka faɗo ba, haya aka ba su, kuma masu ba da hayar suna cikinmu. Ba za mu kira suna ba. Muna roƙon su, idan haya ta ƙare, su sa sharaɗi a rubuce cewa ba a dillancin beli a shagon. Amma kada wanda ya ji wannan jawabi ya tafi ya sa wa ɗan haya kwaɗo ko ya zare masa rufi. Doka ta ce ɗan hayar wata ana ba shi notis na wata ɗaya, na shekara ana ba shi na wata shida, sannan a bi da na kwana bakwai, in ya ƙi tashi a je kotu. Wanda ya yi gaban kansa, shi ne gobe za mu je nema wa beli. Haka matasa: ba mu aiki kowa ya je ya yi wa wani barazana ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a garin nan a watan Disamba na 2017, da yadda kasuwa ta ƙone, ya san yadda ƙaramar magana ke zama ta ƙabila cikin awa ɗaya. Masu shagunan nan akwai namu akwai waɗanda ba namu ba, waɗanda suke cuta ma haka, kuma maƙwabtanmu Gbagyi da ke layin suna jin hayaniyar kamar yadda muke ji. A tafi da su a cikin tawagar.

Babban abin da zai karya kasuwar dillali shi ne a daina buƙatarsa. Mutum yana zuwa wurinsa ne don ya waiwaya bai ga nasa ba. Shi ya sa kwamiti ya kawo shawarar a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta sunayen waɗanda za su iya tsayawa kuma suka yarda da kansu: mai takardar fili da aka tantance, ma'aikaci mai katin aiki, ɗan kasuwa mai rajista da takardar biyan haraji. Kowa ya tanadi hoton fasfo da katin ɗan ƙasa da takardar wuta mai nuna adireshi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a ji wannan da kyau, iyayenmu mata: sashe na 167 na dokar 2015 ya ce ba za a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce ba. Duk wanda ya ce miki koma ki kawo namiji, al'adarsa ya faɗa, ba doka ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya mata a cikinmu da suka fi mazan cika sharaɗi.

Amma kada kowa ya sa sunansa bai san nauyin ba. Tsayawa ba sa hannun ɗaurin aure ba ne. Sashe na 179 ya ce idan wanda ka tsaya wa ya gudu, kotu za ta neme ka ka biya adadin ko ka kawo dalili, in ba ka biya ba a sayar da kayanka, in bai isa ba a iya ɗaure ka har wata shida. Sanata Ali Ndume ya tsaya wa Abdurrashid Maina a kan naira miliyan 500, ya sa gidansa na Asokoro. Da Maina ya daina zuwa kotu, a watan Nuwamba na 2020 alƙali ya aika da sanatan Kuje, ya yi kwanaki a can kafin a ba shi nasa belin, shi kuwa Maina a Yamai aka kamo shi. In sanata ya kwana a Kuje, ba sai an gaya wa mai sayar da doya ba. Don haka littafin yana da ƙa'ida. Ba za a tsaya wa wanda mai unguwarsa bai san shi ba. Iyalin wanda aka kama za su zo su zauna da mai tsayawa a gaban shaidu biyu. Ranar zaman kotu, wani daga kwamiti zai tuna musu tun jajibere. Kuma mai tsayawa ya sani, in ya ga take-taken gudu, doka ta ba shi dama ya koma kotu ya ce ya janye, kotu ta nemi a kawo wani. Ba cin amana ba ne, gara haka da ya wayi gari an zo auna gidansa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, kamar fashi da makami, belinsa sai alƙalin babbar kotu, kuma da wuya ake bayarwa. Duk dillalin da ya ce zai fito maka da irin wannan, kuɗinka yake so.

Abu na ƙarshe shi ne sa hannu. Da yawanmu da girma muka koyi karatun boko, a ajin yaƙi da jahilci bayan an tashi daga kasuwa, kuma mun san kunyar da ke kama mutum idan aka miƙo masa takarda da biro ana jiransa. Wannan kunyar ita ce jarin dillali. Takardar beli da Turanci take, amma abu huɗu ake nema a cikinta: sunan wanda ka tsaya wa, laifin da ake tuhumarsa, adadin kuɗin, da ranar dawowa. Lamba dai kowa yana iya karanta ta. A ƙirga sifirin da yatsa, don tsakanin 50,000 da 500,000 sifiri ɗaya ne. In ba ka gane ba, ka ce a karanta maka da Hausa, kuma kada ka dangwala a farar takarda ko a fom ɗin da ba a cike ba. Malamin ajinmu na dare ya yarda zai ware darasi biyu a kan wannan fom kaɗai, na maza daban na mata daban, kuma wanda ba ɗan aji ba ma yana iya zuwa.

Littafin zai kasance a ofishin ƙungiya daga ranar Asabar bayan la'asar. Magidantan layin biyu kuma muna roƙon su tsaya bayan addu'a, don su zaɓi dattawan da za su je wurin masu shagunan, su kuma faɗa wa kwamiti ƙarfe nawa suke so a ce an rufe da dare. Wanda bai yarda da shawarar ba, shugaba zai ba shi dama ya yi magana yanzu kafin a kaɗa ƙuri'a.